Aure da Jijiya

Maganar farko da mijina ya taɓa yi mini a duniya ita ce, "Mai aure kike so, ko marar aure?"

Na tsaya riƙe da jakata a bakin lambunsa, na dube shi sama da ƙasa. Dashen lemo na zo saya in kai makarantar da nake koyarwa, ban zo neman raini ba. Har na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na lura ba ni yake kallo ba ma. Yana durƙushe tsakanin baƙaƙen ledojin raino, yana nuna mini 'yan itatuwa biyu da bakin wuƙa. Wannan daga iri ya tsiro, in ji shi, sai ya yi shekaru yana yi mini yanga kafin ya ba ni ɗa guda. Wancan kuwa reshen lemo mai zaƙi aka yanko, aka haɗa shi da gindin mai tsami mai jure wahala, aka ɗaure har suka zama jiki ɗaya. Haɗin nan shi masu lambu suke kira aure. Shi ya sa duk layin Mai Aure ake ce masa, tun yana tuzurunsa.

Na sayi mai aure. Bayan wata goma sha huɗu ni ma na zama.

Da za a tambaye ni abin da na fara so a jikinsa, ba zan ce fuska ba. Hannun damansa ne. Idan zai fere reshe, yanka ɗaya yake yi, sumul, kamar an goge da tsumma. Ya ce mini yankan daga wuyan hannu yake fitowa, ba daga kafaɗa ba, kuma in wuƙa ta tsaya a hanya ko sau ɗaya, fuskokin biyu ba za su kwanta a kan juna ba, iska ta shiga tsakani, auren ya mutu. Nakan zauna a kan juyayyen bokiti bayan an tashi makaranta, littafi a buɗe a cinyata, in yi awa guda ban juya shafi ba.

A shekararmu ta biyu ya faɗo daga tsani yana gyara rumfar inuwa. Mataki huɗu kacal. Ya dafa ƙasa da hannun dama, ya miƙe yana dariya, ya ce targaɗe ne. Wata takwas ya yi yana aiki da targaɗen nan, yana cije leɓe, kafin na ja shi asibiti. Hoto ya nuna wani ɗan ƙashi ne a gindin babban yatsa, mai siffar kwale-kwale, ya rabu biyu. Aka yi masa tiyata. Aka gutsuro ƙashi daga ƙugunsa aka cusa a tsagar, aka ɗaure da 'yar ƙusa. Muka jira shekara guda. Bai kama ba.

Haka muka samu kanmu wata Talata da hantsi a ɗakin likitar hannu, wadda aka tura mu wurinta. Gajeriyar mace ce, tabarau rataye a wuya, yatsunta sirara kamar na mai ɗinki. A kan teburinta akwai ƙasusuwan hannu na roba, ƙaramin yatsan ya taɓa ɓallewa an mayar da shi da zare. Ta juyo mana da fuskar kwamfuta.

"Ka ga nan?" ta ce, tana nunawa da bayan biro. "Ƙashin nan ta gefe ɗaya kawai jini yake shigarsa. Da ya karye, sai wannan rabin ya rabu da hanyar abincinsa. Ka ga ya yi duhu? Ya daɗe bai sha ba. Ya bushe."

"Ya bushe," mijina ya maimaita a hankali.

Ina kallonsa na ga fuskarsa ta rufe, kamar an ja ƙofar shago. Likita ta ci gaba da bayani, ta ce akwai wani dashen daban da na farko, ta jawo takarda tana zane. Ni ina gyaɗa kai. Shi tagar yake kallo, inda wata tattabara take tafiya a kan bututun ruwa.

"Na gode, Likita," ya ce, ya miƙe. "Allah ya saka da alheri. A bar shi haka."

Ba ta yi mamaki ba. Ta cire tabarau ta ce, "Hannunka ne, ba zan tilasta maka ba. Amma ba zan ɓoye maka ba. In aka bar shi, sauran ƙasusuwan za su riƙa zamewa suna cin juna. Ba yau ba, ba gobe ba. Wata rana abin da zai rage mana shi ne mu haɗe wuyan hannun ya zama sanda ɗaya. Ciwo zai ragu, amma ba zai ƙara lanƙwasawa ba. Yanzu da sauran lokaci. Na sa muku Talata ta sama, ko za ka sake shawara."

Ya riga ya kai ƙofa. Na naɗe takardar zanen na sa a jaka, na bi shi. A titi ya koma ta damana don ya riƙe ni da hannun hagu. Ya daɗe yana haka, ranar ce kawai abin ya dame ni.

Da muka isa lambu, Inna, mahaifiyarsa, tana ƙarƙashin rumfa tana ɗura ƙasa a ledoji. Tun da hannun ya samu matsala ta ɗauki aikin nan ba tare da an roƙe ta ba, kuma kullum sai ta ce mana ita fa ba aiki ta zo ba, iska ta zo sha. Ta dubi fuskata, ta dubi tasa.

"Ya ƙi ke nan," ta ce.

"Inna, ko zama ba mu yi ba."

"Ai ba sai kun zauna ba. Taurin kan ubanka ne, aka ƙara maka da na kakanka don kada ya ƙare. 'Yar nan, sha ruwa, kin ji. Ke kika ga za ki iya."

Ya zauna a kan bencin aikinsa ya ɗora hannun a gwiwa. Ya yi maganar cikin taushi, shi ne ma abin da ya fi tsorata ni, don da faɗa yake yi da na san yadda zan ɓullo masa.

"Malama, ke littafi kika karanta, ni icce na karanta. Aure nawa na ɗaura a lambun nan? Ba zan iya ƙirgawa ba. Reshen da ka yanko ba shi da komai, baƙo ne, abin da gindi ya ba shi yake sha. In gindin ya bushe, ko daga ina ka kawo reshen, bin sa zai yi su mutu tare. Na farkon da aka yi mini, shi ya sa bai kama ba. Ban ga laifin kowa ba. Da sun tambaye ni, da na gaya musu. Yanzu kuma a sake yanka ni, a sake kawo wani baƙon a ajiye a kan busasshe? In kwashe wata uku hannu a filasta ina jiran abin da na san ba ya yiwuwa?"

"Ta ce wannan daban ne."

"Duk mai sayar da dashe haka yake cewa. Ni ma ina cewa."

Inna ta yi tsaki, ta ci gaba da ɗura ƙasa.

Damina ta kusa, ga gindin lemo da na mangwaro layi-layi, duk sun kai kaurin fensir, suna jiran wuƙa. Ya gwada da hagu, yankan ya fito a karkace. Ya gwada da dama, a reshe na uku wuƙar ta faɗi ƙasa, ya riƙe hannun ya juya mini baya har zafin ya wuce. Da yamma na ce ya koya mini. Ya tsaya a bayana yana gyara mini riƙo, numfashinsa a kunnena, na ja wuƙar da dukan zuciyata. Ya ɗaga reshen ya duba a hasken rana.

"Madalla," ya ce. "Kin yi mana matakalar bene. Saura mu nemo wanda zai hau."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Can sai ya ce, kamar da wasa, ai sayar da furanni ma sana'a ce, ban ruwa kawai suke so, mai hannu ɗaya ma zai iya. Ya ɗauki wuƙar, ya goge ta da mai, ya naɗe a tsumma ya sa a can ƙasan akwatin kayan aiki, ƙarƙashin igiyoyi. Na je bayan rumfa na daɗe ina wanke bokitin da ba shi da datti.

Kwana huɗu takardar tana jakata, tsakanin rajistar aji da alli. Ranar Asabar da safe ni na karɓi ban ruwa. A kusurwar lambun, kusa da famfo, akwai wata tsohuwar bishiyar lemo da ya tarar a wurin tun kafin ya kafa lambu. Na tsaya ina jiran bokiti ya cika, idona ya sauka a gindinta. Na sha ganin gindin nan, amma ban taɓa dubansa ba sai ranar. Ƙafa uku gare ta. Ga babban gindin mai tabo zagaye da shi kamar awarwaro, ga wasu siraran guda biyu sun taso daga ƙasa, sun jingina, kawunansu sun nutse a jikinta sama da tabon.

Ruwa ya cika ya yi ta zuba a ƙafata. Na ruga na ɗauko jakar.

Zanen Likita ba wani kyau ne da shi ba. Dogon ƙashi, ɗan kwale-kwale a gabansa, sai wani ɗan murabba'i mai wutsiya, da kibiya ta nuna inda za a kai shi. Wutsiyar ba a yanke ta ba, tana nan manne da inda ta fito. A gefenta Likita ta rubuta kalma biyu ta ja musu layi.

"Mai Aure!" na kira shi. "Zo ka gaya mini abin da ka yi wa bishiyar nan."

Ya taho yana goge hannu a wando. "Ai kina nan aka yi. Kina kan bokitinki."

"Ina nan, amma kai nake kallo, ba bishiyar ba."

Ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. Ya ce wani ne ya taɓa ɗaura mata waya don shanya, wayar ta ci ɓawon ta zagaye. Sama da ƙasa suka daina gaisawa, ganye ya yi rawaya, rassa suka fara bushewa daga baki. Yanko reshe a kawo ba zai yi komai ba. Sai ya dasa ƙananan lemo biyu a gefenta, ya bari suka kama ƙasa, ya fere kawunansu ya cusa a ƙarƙashin ɓawonta sama da ciwon.

"Su ba baƙi ba ne," ya ce yana shafa ɗaya. "Da abincinsu suka zo. Ba ita ke ciyar da su ba, su ke ciyar da ita. Ni aure da jijiya nake ce masa, ban san yadda wasu ke kira ba."

Na miƙa masa takardar. "Karanta nan."

"Rubutun likita? Ai sai dai mai kantin magani."

"To ni malama ce, na saba da rubutun 'yan aji biyu. Cewa ta yi, da jijiyarsa."

Ya karɓa. Ya dubi wutsiyar, ya dubi bishiyar, ya sake duban wutsiyar. Famfo yana ta zuba, babu wanda ya tuna da shi.

"Jijiyar jini take nufi," ya ce.

"Na sani. Ta bishiyar fa, me take yi da ita in ba sha ba?"

Na ga sa rai yana son shigarsa, yana tare ƙofa da kafaɗa. Ya kai farce ya kankare ɓawon wani reshe, kore ya bayyana, ɗanye shar.

"Amma ita lokacin ba ta mutu ba," ya ce. "Da na kankare ta haka, da sauran kore. Nawa cewa ta yi ya bushe. Icce in ya bushe, ko kogi kika juyo masa ba ya dawowa."

"Wannan kuma sai ka tambaye ta. Ni ƙarshen ilimina jimla da ɗebewa."

Daga ƙarƙashin rumfa Inna ta ɗaga murya. "In kun gama soyayyar, wani ya kashe famfon nan kafin mu koma noman shinkafa!"

Ranar Talata ya shiga asibiti da kaya. A aljihun gaba yankakken reshe, a hannun hagu ɗan lemo cikin baƙar ledarsa, ganye shida, yana rawa duk takun da ya yi. Nas ɗin da ke kiran suna ta tare shi.

"Malam, wanne ne marar lafiyar a cikinku?"

"Ni ne. Shi shaida ya zo."

Ta buɗe mana ƙofa.

Ya ajiye su a teburin Likita, gefen hannun roba. Ƙasa ta ɗan zube a kan takardunta, na yi saurin sharewa, ta ce in bari. Ya ɗaga reshen.

"Likita, ki yi haƙuri, wancan zuwan ban saurare ki ba. Tambaya ɗaya na zo da ita. Wannan shi aka yi mini da farko, yankakke, ba shi da uwa ba shi da abinci." Ya ajiye, ya zare ledar ƙasa kaɗan har fararen jijiyoyi suka leƙo. "Wannan kuma da nasa yake tafe. Wanne za ki yi mini?"

Likita ta sa tabarau. Ta sunkuya tana kallon jijiyoyin kamar an kawo mata jariri.

"Shekara goma sha ɗaya ina neman yadda zan faɗi maganar nan mutane su gane," ta ce. "Ashe a lambu aka ajiye mini ita. Na biyun." Ta jawo hannun roba. "Ka ga dogon ƙashin nan da ya gangaro daga gwiwar hannu zuwa gefen babban yatsa? A bakinsa akwai wata 'yar jijiya kwance, kaurinta kamar zaren ɗinki. Zan yanko ƙashi kamar ƙwayar wake daga ƙarƙashinta, amma ita ba zan yanke ta ba. Zan ɗago su tare, in juyo su a hankali, in zaunar a cikin tsagar. Maƙwabta ne, tafiyar ba nisa."

"Kada ta murɗe a hanya," ya ce. "In ta murɗe an gama."

"Abin da nake gaya wa masu taya ni ke nan kullum."

Ya gyara zama. "To saura ɗaya. Kin ce nawa ya bushe. Ni a wurinmu busasshe sai murhu."

"A nan ne iccenka da ƙashina suka rabu hanya," ta ce. "Icce in ya mutu, ya mutu. Ƙashi kuwa in ya mutu, ginin yana nan tsaye, mazaunan ne suka tashi. In jini ya sake shiga, sababbi sukan biyo shi, su rushe tsohon bango kaɗan-kaɗan suna gina sabo. Ba kullum ba. Ba zan yi maka alkawari ba, akwai waɗanda na yi wa bai kama ba. Amma hanyar a buɗe take, ba kamar yadda ka zata ba."

Ya yi ta juya maganar a ransa. Na san abin da ke yi masa nauyi. Ba tsoron wuƙa ba ne. Yarda ce zai yi cewa akwai abin da icce bai koya masa ba.

"Ba a iya rainon ƙashin a gefe, kamar yadda muke yi a leda, sai ya girma a kawo?" ya tambaya.

Ta yi dariya. "Akwai masu wannan ƙoƙarin a ɗakunan bincike. Sukan yi wani abu mai ƙofofi kamar soso, su shuka ƙwayoyin jikin mutum a kai, su yi ta ba su abinci suna jira."

"Lambu ke nan."

"Lambu ne sosai. Sai dai da ya yi kauri, tsakiyar takan mutu da yunwa, don babu jijiyar da za ta kai mata. A nan suke ta fama."

"Allah sarki," ya ce, da gaske har zuciyarsa. "In kin gan su ki ce wani ɗan'uwansu yana gaishe su." Sannan ya ce, "Ke yaya za ki san wanda kika ɗauko yana da rai? Ni farce nake sawa in ga kore."

"Muna matse damtse da ɗamara don jini ya tsaya mu ga abin da muke yi. In na ɗago shi, sai in sa a sassauta. In gefen ƙashin ya yi jini, yana da rai."

Ya tura mata ɗan lemon. "Na bar miki shi. Mai aure ne. Sa mini rana."

Ranar tiyatar da ƙarfe tara aka shiga da shi. Ni da Inna muka zauna a dogon benci, gaban wata ƙofa mai ganye biyu da ba ta rufuwa sai ta yi lilo sau uku. Na zo da littafi, na buɗe, kalmomin suka ƙi tsayawa. Inna tana jan carbi, tana kuma sharhi a kan takalman duk wanda ya wuce. Can ta kama hannuna ta riƙe ba tare da ta dube ni ba.

"Ranar da ya ce mini malamar makaranta zai aura, na ce wannan za ta iya zama da ƙasa a farce?" ta ce. "Dubi naki yanzu. Sun fi nawa baƙi."

Wajen azahar ƙofar ta yi lilo. Likita ta fito da hular tiyata a kai, shatin abin rufe baki a kumatunta. Na miƙe. Ta dube ni, idanunta a gajiye amma suna dariya.

"In ya farka ki gaya masa," ta ce, "ya yi kore."

Na zauna a bencin na rufe fuska na yi kukan da na shekara ina ajiyewa. Inna tana bubbuga bayana tana tambayar kowa, "Kore kuma? Jikin mutum? Wannan alheri ne ko a kira wani likitan?"

Sauran duk jira ne, kuma jira aikinsa ne, ya fi ni iyawa. Hannu a filasta daga yatsa zuwa kusa da gwiwar hannu, Inna tana ce masa mai siminti. Damina ta sauka ba ta jira shi ba. Ni na ciro wuƙar daga ƙasan akwati. Yana zaune a kan bokitina, ni ina kan bencinsa, yana ba da umarni kamar direban da aka ƙwace wa mota. Aure ɗari da ashirin na ɗaura a daminar nan, arba'in da ɗaya suka kama. Ya ce ga mai gina matakala ba laifi.

Hoton mako na shida bai nuna komai ba. Na dawo gida jikina a sanyaye, shi kuwa ko a jikinsa.

"Ba a kwance ɗauri a leƙa," ya ce. "Mai leƙe shi ke kashewa."

Na mako na goma ya nuna wani abu kamar hazo a bakin tsagar. A mako na goma sha biyar Likita ta daɗe tana juya hoton a kwamfuta, sama, ƙasa, gefe. A tagarta ɗan lemon ya yi sababbin ganye huɗu. Sannan ta juyo mana da fuskar, ta sa bayan biro a inda baƙin layin tsagar yake a da. Layin ya katse a tsakiya. Fari ya haye daga wannan gaɓa zuwa waccan.

"Ya kama," ta ce.

Mijina ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe yana kallo da idon mai sana'a.

"Hannunki yana da kyau, Likita," ya ce. A bakinsa babu yabon da ya wuce wannan.

Sai da aka ƙara wata huɗu yana matsa ƙwallon roba, yana lanƙwasa hannun a bakin tebur yana ƙirga goma. Bai dawo kamar da ba. In ya lanƙwasa shi ta baya, rabin inda yake kaiwa a da kawai yake kaiwa, kuma in gari ya yi sanyi yakan tuna masa da tsanin. Wata safiya ina shirin makaranta na ji ƙarar dutsen wasa wuƙa daga bayan rumfa. Na ajiye jakar na fita da takalmi ɗaya.

Ya zaɓi gindi, ya zaɓi reshe. Ya sauya riƙo, ya kwantar da wuƙar kaɗan fiye da da, ya matso da gwiwar hannu jikinsa. Ya ja numfashi. Yanka ɗaya. Ya ɗaga a hasken rana, fuskar ta yi sumul tana ƙyalli, ruwan icce yana tsattsafowa. Ya fere na biyu, ya haɗa, suka kwanta a kan juna ba wurin da iska za ta bi.

"Malama, ɗaure," ya ce. "Ɗaurinki ya fi yankanki."

Na naɗe da leda daga ƙasa zuwa sama yadda ya koya mini. Da na gama na kama hannunsa na juya shi, na ɗora yatsa a kan tabon, wani siririn layi a bayan wuyan hannun. Na rufe ido.

"Ina jin ta," na ce. "Wallahi tana bugawa."

"Zaren ɗinki za ki ji ta cikin fata? Taki ce kike ji, ta yatsanki."

"To bar ta a nan ta ɗan taya ta."

Bai janye hannun ba. Ya miƙa hagu ya jawo leda ta gaba, ya ajiye tsakaninmu. Daga ƙarƙashin rumfa Inna ta ce in dai ba an rufe makarantar ba ne, ta ga kamar wata za ta makara, kuma da takalmi ɗaya.